Lambar Kunne Mai Aiki da Rediyo: Yadda Ake Kafa Eriya Don Karanta Ta

Ya kai manomi mai kiwo,

An shirya wannan takarda domin masu ɗan kiwo na Ƙauyen Alu, da Gyadi-Gyadi, da sauran unguwannin Tarauni. Ka san yadda gari ya cinye gonaki da makiyaya a wannan yanki. Yau yawancin kiwo a cikin gida ake yinsa: tumaki huɗu ko biyar, 'yan awaki, ragon turka na Layya, wani ma da sa ɗaya ko biyu. Dabbar nan ita ce asusunka. Ranar da ta ɓace, ko ta shiga cikin na wani aka kai ta kasuwar 'Yan Awaki ta Unguwa Uku, ko Wudil, ko Dambatta, da me za ka nuna taka ce?

Iyayenmu suna yanka kunne ko su yi lalas da ƙarfe mai zafi. Yankan kunne yana da sauƙin ɓatawa, don ɓarawo yakan ƙara nasa yankan a kan naka. Lalas kuwa yana ɓata fata, ya karya mata daraja wajen majema. Yanzu akwai lambar kunne wadda na'ura ke karantawa ta hanyar rediyo, ana kiranta RFID. Amma lambar da aka sa aka kasa karantawa asarar kuɗi ce kawai. Saboda haka karanta wannan takarda a tsanake kafin kai ko ƙungiyarku ku sayi kome.

Mece ce lambar kunne ta rediyo?

Wani ɗan maɓalli ne na roba, faɗinsa bai wuce na kwabo ba. A cikinsa an naɗe siririyar wayar tagulla, an haɗa ta da wata 'yar ƙwayar lantarki ƙarama kamar ƙwayar gero. Ba ta da batir. In dabba ta zo kusa da eriyar na'urar karatu, eriyar ce ke ba lambar ƙarfi, sai lambar ta amsa da lissafinta. In dabba ta yi nisa sai lambar ta yi shiru. Don haka ba ta buƙatar caji, tana iya kaiwa iyakar rayuwar dabba in ba ta faɗi ba.

Yadda kowane gidan rediyo yake da wurin da ake kama shi a akwatinka, haka lambar dabbobi take da nata zangon, watau kilohaz 134.2. Ƙasashen duniya sun shirya a kan ƙa'idoji biyu game da ita, ana ce musu ISO 11784 da ISO 11785. Lissafin da ke ciki alƙalami 15 ne, an rubuta shi sau ɗaya tun daga kamfani, ba ya goguwa. Alƙaluma uku na farko suna nuna ƙasa ko kamfanin da ya yi lambar. Na Nijeriya 566 ne, na Nijar 562. In ka ga lissafi ya fara da ɗari tara da wani abu, to wannan alamar kamfani ce.

Abin lura: lambar ba ta faɗin inda dabba take. Wanda ya ce maka za ka zauna a gida ka ga wurin da aka kai ragonka a wayarka saboda wannan maɓalli, ruɗinka yake. Sunanka ma ba ya ciki. Lissafi kawai take ɗauke da shi. Littafin rajista ne ke cewa lissafi kaza na wane ne.

Wannan aiki ba sabo ba ne a duniya. Ƙasar Botsuwana ta fara sa wa shanunta alamar rediyo a 2001 domin ta ci gaba da sayar da nama a Turai. A ƙasashen Tarayyar Turai kuma, tun farkon 2010 doka ta wajabta irin wannan alama ga tumaki da awaki. A nan gida, Ma'aikatar Gona ta Tarayya ta ƙaddamar da tsarin shaida da bin sawun dabbobi na ƙasa mai suna NAITS a 2022, sa'an nan a 2024 aka kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo ta Tarayya. Kafin ka sayi lamba, tambayi malamin dabbobi irin wadda hukuma ta amince da ita, kada ka huda kunnen dabbarka sau biyu.

Iri-irin lamba

1. Lamba mai amsawa nan take, ana rubuta mata FDX. Tana faɗin lissafinta a daidai lokacin da eriya ke ba ta ƙarfi.

2. Lamba mai jiran shiru, ana rubuta mata HDX. Tana tara ƙarfi tukuna, sai eriya ta ɗan tsagaita sa'an nan ta amsa. Riƙe wannan bayani, za mu dawo kansa.

3. Dunƙulen haɗiya. Shi kamar ɗan guntun tangaran yake, ana ɗura wa dabba ta baki, ya zauna a ɗakin tumbi na gaba mai kama da saƙar zuma. Ɓarawo ba ya iya cire shi. Ana karanta shi ta gefen hagu, bayan ƙafar gaba. Malamin dabbobi kaɗai zai ɗura shi, kuma ba a ba ƙaramar dabbar da tumbinta bai ƙosa ba.

4. Lamba mai dogon zango, ana rubuta mata UHF. Tana aiki tsakanin megahaz 860 da 960. Ana karanta ta daga nesa. Na'urar da ke karanta iri uku na farko ba ta karanta wannan, wannan ma tata na'urar ba ta karanta waɗancan. Lalle ne duk 'yan ƙungiya su sayi iri ɗaya.

Yadda ake sa lamba a kunne

1. Ku shirya a kan kunne ɗaya, dama ko hagu, kowa ya bi. Wannan zai sauƙaƙa muku aikin eriya ƙwarai.
2. A kama dabba sosai, a riƙe kanta kada ta fizge.
3. A goge kunne da lambar da awartakin sawa da maganin kashe ƙwayoyin cuta.
4. A huda tsakanin jijiyoyi biyu masu tauri da suka bi tsawon kunne, wajen tsakiya, a ɗan matso kusa da kai. In ka sa a bakin kunne, ƙaya ko igiya za ta yage shi. Tunkiya Uda da Balami masu dogon kunne sun fi shiga wannan hatsari.
5. Ɓangaren da ya fi kauri, mai ɗauke da wayar, shi ne zai kasance a cikin kunne.
6. A karanta lambar kafin a sa, a sake karantawa bayan an sa, a rubuta nan take.
7. A riƙa duba wurin har mako biyu. Rani ya fi dacewa da wannan aiki, don da damina ƙuda kan yi wa rauni tsutsa.

Na'urar karatu: sanda ko allo

Akwai sandar karatu wadda ake riƙewa a hannu. Kana kai bakinta kusa da kunne, kamar kamu ɗaya ko ɗaya da rabi, sai ta yi ƙara, lissafi ya fito. In dabbobinka ba su wuce goma ko ashirin ba, sanda ta wadatar, kuma guda ɗaya tana isar unguwa in ana karɓa-karɓa.

Akwai kuma allon eriya. Shi ana kafa shi ne a jikin wata matsattsiyar hanya, dabbobi suna wucewa yana karanta su ba tare da an kama su ba. Ƙarfinsa yakan kai wajen mita ɗaya in an kafa shi daidai. Kuɗinsa ya fi ƙarfin mutum ɗaya mai awaki biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Aikin ƙungiya ne, ko na shugabannin kasuwa, ko na wurin allurar rigakafi. A ce ku talatin ne, kowa da dabba biyar, dabba 150 ke nan. Kama su ɗaya-ɗaya da sanda ranar allura zai ci muku hantsi har azahar. Ta gaban allo kuwa sai su wuce cikin ɗan lokaci.

Me ya sa eriya ɗaya ba ta isa?

Dalili na farko, juyin kunne. Lamba ta fi karantuwa in fuskarta tana kallon fuskar allo. Dabba kuwa tana kaɗa kunne, tana waiwaye. In lambar ta juya ta ba allo gefe, ƙarfin da ke shiga wayarta yakan ragu har ta kasa amsawa.

Na biyu, nisa. In allo yana dama, dabba ta raɓi bangon hagu, lamba kuma tana kunnen hagu, to ta fita daga inda ƙarfin yake.

Na uku, tsawo. Kunnen Bunaji ko Gudale yana sama, na jar akuya yana ƙasa. Allon da aka kafa don sa ba zai ji akuya ba.

Na huɗu, shiga da fita. Eriya ɗaya tana cewa dabba kaza ta wuce, amma ba ta sanin ko shiga ta yi ko fita.

Saboda waɗannan dalilai ake kafa eriya biyu ko fiye. Sai dai eriya biyu da aka kafa barkatai sun fi eriya ɗaya ɓarna. Ga dalili. Ka tuna lamba mai jiran shiru? Muryarta ƙarama ce ƙwarai. In eriya ta farko ta tsagaita don ta saurara, ta biyu kuwa tana ta kira a daidai lokacin, kiran ta biyu zai danne amsar. Kamar mutum biyu ne suke tambayar yaro sunansa, ɗaya ya yi shiru don ya ji, ɗayan yana ta ɗaga murya. Ba wanda zai ji kome. Maganin abin shi ne su yi kira tare su yi shiru tare, ko kuwa su riƙa yi bi da bi.

Gina kwararo

Tun kafin maganar eriya, sai an gina kwararon da dabbobi za su bi.

1. A yi shi da katako, ko azara, ko bulo. Kada a yi shi da ƙarfe. Mai walda zai ce maka bututun ƙarfe ya fi ƙarko, gaskiya ne, amma ƙarfe yana shanye ƙarfin eriya. Mafi muni shi ne ƙarfen da ya zagaye allo ya haɗe kamar firam ɗin ƙofa.
2. Faɗinsa ya zama na dabba ɗaya tak. Na shanu kamar santimita 70, na tumaki da awaki kamar santimita 40 zuwa 45. Ga shanu masu dogon ƙaho irin Rahaji, a buɗe sama ya fi ƙasa faɗi.
3. Dalilin matsewar shi ne, irin lambar nan ta kilohaz 134.2 ɗaya-ɗaya ake karanta ta. In lamba biyu suka zo gaban allo tare, kamar tunkiya da ɗanta, amsarsu takan cuɗe, a rasa duka biyun.
4. A rufe bangon kwararo kada dabba ta hangi waje ta tsaya tana leƙe.
5. A yi ƙofa a mashiga, mutum ɗaya ya tsaya yana sakin dabbobi a hankali. Dabbar da ta wuce a guje tana iya tsere wa karatu. Kada a yi duka, kada a yi ihu.
6. A yi rumfa a kan akwatin na'ura da batir saboda zafin bazara da ruwan damina. In rufin kwano ne, a ɗaga shi sama nesa da allo.

Kafa eriya biyu suna kallon juna

Wannan shi ne shirin da ke maganin juyin kunne da nisa.

1. Sayi akwatin karatu ɗaya wanda aka yi shi da mahaɗar eriya biyu, da alluna biyu irin nasa. Akwati ɗaya shi ke daidaita kiransu da kansa. Wannan ya fi sauƙi.
2. In kuwa akwati biyu gare ku, kowane da allonsa, lalle ne a haɗa su da wayar daidaita lokaci. Ɗaya zai zama jagora, ɗayan mabiyi. Tambayi mai sayarwa ya nuna maka mahaɗar wannan waya kafin ka biya. In babu, kada ka kafa su kusa da juna.
3. Kafa allo ɗaya a dama ɗaya a hagu, daidai saitin juna, tsawonsu ɗaya. Yi amfani da igiyar awo.
4. Tsakiyar allo ta yi daidai da kunnen dabba sa'ad da take tafiya. Ka lura dabba takan sunkuyar da kai in ta shiga kwararo, saboda haka auna a lokacin da take wucewa.
5. Duba alamar da ke nuna fuska da baya, da sama da ƙasa, a jikin kowane allo. In aka kafa ɗaya a juye, ƙarfinsa zai riƙa kashe na ɗan'uwansa a tsakiyar kwararo, daidai inda dabba ke bi. In ka ga ana karatu a jikin bango amma ba a yi a tsakiya, fara duba wannan.
6. Ɗaure allo a bayan katako ta waje, kada ƙaho ya fasa shi. Katako ba ya hana karatu. In dole akwai ginshiƙin ƙarfe a kusa, sa katako mai kauri ya raba su, ka nisanta gwargwadon abin da takardar kamfani ta faɗa.
7. Kada ka yanke wayar eriya, kada ka ƙara mata wata. Tsawonta yana cikin lissafin da aka yi wa allon. In ta yi yawa, shimfiɗa ta a jikin bango. Kada ka naɗe ta kamar gammo, kada kuma ka bi da ita tare da wayar wuta. Sa ta cikin bututun roba, don awaki suna tauna waya.
8. Sai an gama ɗaure kome sa'an nan a kunna. Yawancin akwatunan suna daidaita kansu da wurin a lokacin kunnawa. In ka matsar da allo, ko aka jingina ƙofar ƙarfe a kusa, kashe ka sake kunnawa.

In shanu da ƙananan dabbobi za su bi kwararo ɗaya, ana iya sa allo ɗaya sama ɗaya ƙasa a gefe guda, duk a ƙarƙashin ƙa'idar daidaita lokaci. Amma abin da ya fi shi ne a yi wa kowane iri nasa kwararon. Ga masu dunƙulen haɗiya, allo ya kasance a hagun dabba, saitin bayan ƙafar gaba.

Kafa eriya biyu a jere don sanin shiga da fita

In kuna haɗa dabbobi ku ba makiyayi ya fita da su da safe ya dawo da yamma, wannan shiri zai amfane ku. A kafa allo na farko kusa da bakin garke, na biyu can gaba wajen bakin fita. Dabbar da na farko ya fara karantawa sa'an nan na biyu, fita ta yi. Wadda na biyu ya fara karantawa, shigowa ta yi. A ba su tazara yadda lamba ɗaya ba za ta karantu a duka biyun lokaci guda ba. Gwada da lamba a hannu: tsaya tsakaninsu, in duka biyu suna jin ta, ƙara tazara. A cikin na'ura a ba kowace eriya sunanta, misali ta 1 ciki, ta 2 waje. Da magariba sai a duba, wadda ta fita ba ta dawo ba lissafinta zai nuna, a fara cigiya tun dare bai yi ba.

In lambar mai dogon zango kuka zaɓa

Ita wannan ana karanta ta daga mita da yawa, kuma ana karanta dabbobi da dama a lokaci guda, saboda haka ta dace da ƙofar kasuwa ko wurin lodin mota. Akwatinta yakan zo da mahaɗa biyu, ko huɗu, ko takwas, yana zagaya su bi da bi cikin sauri. Aibinta shi ne ruwa da tsoka suna shanye ta. In kan dabba ko jikin wata ya shiga tsakanin lamba da eriya, karatu ya tsaya. Saboda haka:

1. A rataya eriya a sama, ta sunkuyo tana kallon hanya, ɗaya daga dama ɗaya daga hagu.
2. A cikin shirin na'ura, a kunna mahaɗar da aka sa wa eriya kawai, a kashe sauran. Zagaya mahaɗar da ba kome ɓata lokaci ne, a lokacin kuwa dabba ta wuce.
3. Kada a ƙure ƙarfi. In ya yi yawa zai karanto dabbobin da ke ɗaure a turken maƙwabci, a lissafa su cikin waɗanda suka wuce. A fara da kaɗan, a riƙa ƙarawa har ya cika faɗin ƙofa, a tsaya nan.
4. A sa akwati kusa da eriya. Doguwar waya tana cin ƙarfi.

Abubuwan da ke hana karatu

A unguwannin cikin gari irin namu hayaniyar lantarki ta yi yawa, ko da kunnenka ba ya jin ta. Janareta, da injin walda, da injin niƙa mai lantarki, da inbata, da akwatin cajin sola, da cajar waya mai araha, duk suna rage nisan karatu. Kafa kwararo nesa da su. Yi aiki da batir mai bolt 12 wanda aka riga aka yi wa caji, ka cire shi daga caja lokacin karatu. Batir mai rauni ma yana rage nisa.

Wani abin da ake yawan mantawa: mutum ya tsaya jikin allo da ragowar lambobi a aljihunsa, ko wata lamba ta faɗi cikin ƙasa a gindin allo. Ita za ta riƙa cuɗewa da ta kowace dabbar da ta zo. A ajiye ragowar lambobi nesa, a cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Gwaji kafin a fara aiki

Gani ya kori ji. Kada ku cika kuɗin mai kafawa sai an yi wannan gwaji a gabanku.

1. Ɗaura lamba a kan sandar itace. Bi da ita ta tsakiyar kwararo, da jikin bangon dama, da na hagu, sama da ƙasa. Juya ta fuska-fuska. Duk inda ba ta karantu ba, yi alama da alli.
2. Cire wayar eriya ɗaya bayan an kashe na'ura, a gwada ɗayar ita kaɗai, sa'an nan a sauya. In kowace tana aiki ita kaɗai amma in an haɗa su abin ya lalace, to matsalar daidaita lokaci ce ko juyin allo.
3. A kora dabba ashirin da aka san lissafinsu, sau uku. Mutum ɗaya ya ƙirga da baki, a gwada da abin da na'ura ta nuna. In dabba ɗaya ce ake rasawa kullum, a duba lambarta da sanda. In yau wannan gobe waccan, laifin kafawa ne ko gudun dabbobi.
4. A sa na'ura ta ƙirga kowace lamba sau ɗaya, ko da eriya biyu sun ji ta, ko dabbar ta tsaya a gaban allo.
5. A maimaita gwaji na farko duk ranar da za a yi babban aiki.

Littafin rajista

Duk wahalar nan ba ta da amfani in babu littafi. Magatakardan ƙungiya ya rubuta wa kowace dabba lissafinta 15 cif, da sunan mai ita, da irinta, da launinta, da shekarunta, da ranar da aka sa lamba. A bar fili don ranar allurar ciwon huhu ga shanu, da allurar PPR mai hana awaki da tumaki zawo da majina, da ranar ba da maganin tsutsar ciki. In an sayar ko an yanka, a rubuta. In lamba ta faɗi aka sa sabuwa, a rubuta sabuwar kusa da tsohuwar. A ajiye kwafi ɗaya wajen mai unguwa. Ko da na'ura tana aika lissafi cikin waya, kada a bar littafin takarda, don waya tana ɓacewa.

In an sace maka dabba, kai lissafinta wajen 'yan sanda da sarkin kasuwa da wuri. Ɓarawo yana iya yanke lambar kunne, amma hudar ko yagewar tana nan, kuma dillali mai hankali zai yi tambaya. Gwargwadon yawan masu sa lamba a unguwa, gwargwadon wuyar sayar da dabbar da aka cire wa tata.

Ka tuna

1. Lamba iri ɗaya, kunne ɗaya, ga duk 'yan ƙungiya.
2. Mai dabbobi kaɗan ya tsaya a kan sandar karatu.
3. Kwararo na katako, dabba ɗaya-ɗaya, a hankali.
4. Eriya biyu sai da akwati ɗaya ko wayar daidaita lokaci.
5. Nesa da ƙarfe, nesa da janareta.
6. Gwaji tukuna, biya daga baya. Araha ba ta ado.
7. Kowace lamba ta shiga littafi a ranar da aka sa ta.

Don ƙarin bayani sai ka tuntuɓi malamin dabbobi na Ƙaramar Hukumar Tarauni, ko malamin gona na hukumar KNARDA da ke kula da yankinku. In ka gama karanta wannan takarda, karanta wa maƙwabcinka.